Kilo nawa ya kamata ka yi a tsayinka? Ga yadda za ka lissafa da sikeli, bango da zare

Jama'a assalamu alaikum. Wannan tambayar ta "wai ni kilo nawa ya kamata in yi" tana yawan tasowa a tsakaninmu mazauna Makka da Jidda da Madina, yawanci bayan mutum ya je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, saboda wani abu daban, mura ko ciwon baya, nas ta ɗora shi kan sikeli ta rubuta lamba, likita ya kalli takardar ya kalli tumbin ya ce sai an rage. A rage zuwa nawa? Ba zai tsaya yi maka bayani ba, layi na jiransa a waje. To lissafin ba shi da wahala, a ɗakinka za ka yi shi cikin minti goma sha biyar, amma tun yanzu ka cire rai da samun lamba ɗaya tak. Kowane tsayi yana da tazara, daga kilo kaza zuwa kilo kaza, kuma tazarar tana da faɗi sosai, ta kan kai kilo goma sha biyar zuwa ashirin. Sannan ko ka faɗa cikin tazarar ba ka gama ba sai ka auna cikinka, don a ganina awon ciki ya fi lambar sikeli faɗin gaskiya.

Abin da za ka tanada: sikeli, tef ɗin awo irin na tela, fensir, littafi mai bango mai tauri, zare ko igiya wadda ba ta miƙewa, sai kalkuletan wayarka.

Fara da tsayi, kar ka yi kintace

Nan ne yawancin mutane suke ɓata lissafin tun kafin su fara. Ka tambayi mutum tsayinsa ya ce maka "ai zan kai 175", wa ya auna ka, yaushe, shiru. Kuma maza mun fi yin ƙari, kowa so yake a ce dogo ne. Santimita biyar ba wasa ba ce a wannan lissafin, mai kilo 80 in tsayinsa 170 ne sakamakonsa na BMI, lissafin nauyi da tsayi da zan nuna a ƙasa, 27.7 zai fito, in ya yi wa kansa ƙari ya ce 175 sai ya fito 26.1, kaga ya rage wa kansa kusan maki biyu alhali tumbin na nan inda yake.

Ka nemi bango mai santsi inda ƙasa tayil ne, ba kan mokit, wato kafet, ko darduma ba. Cire takalmi da hula. Mata a cire ɗankwali a kwance gashi in an tufke shi a tsakiyar kai, in ba haka ba tulin gashin za a auna. Ka jingina diddige da ɗuwawu da kafaɗu a bango, ƙafafu a haɗe, ka kalli gabanka sak, kar ka ɗaga haɓa sama wai don ka ƙara tsawo. Sai wani ya ɗora littafin a kanka, gefensa ɗaya ya manne da bango don ya zauna daidai, ya danna a hankali har ya taɓa fatar kai, ya ja layi da fensir a ƙasan littafin. Ku auna daga ƙasa zuwa layin da tef. Ku yi sau biyu, in an samu bambanci fiye da santimita ɗaya a sake. Da safe ya fi, don mutum yana ɗan raguwa kaɗan zuwa yamma saboda ƙashin baya yana dannuwa da tsayuwa da zama.

In abin da ka sani da ƙafa da inci ne irin na gida Najeriya, ka maida shi duka inci ka ninka da 2.54. Misali ƙafa biyar da inci bakwai, inci 67 kenan, sau 2.54 ya ba ka 170. Sannan ka raba da ɗari ya koma mita, wato 1.70.

Sai nauyi

Sikelin gida na batir ya wadatar, ana samunsa a saidaliyya, wato kantin magani, da manyan kantuna kuma ba tsada. Ka ajiye shi a kan tayil, in ka ɗora shi kan mokit ƙarya zai yi maka, kuma gidajenmu na nan yawanci shimfiɗe suke da shi har bakin ƙofa, don haka ka kai shi kicin ko bakin banɗaki. Lokacin awo shi ne da safe bayan ka zaga, kafin ka sa komai a baki, da kaya marasa nauyi. Ba da jallabiya da waya biyu da tarin makullai a aljihu ba, ba kuma da abaya da jaka a kafaɗa ba.

Kar ka yarda da awon rana ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma jiki yana riƙe ruwa yana saki kullum, saboda haka hawa da sauka na kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yau da gobe ba komai ba ne. Wanda ya je walima jiya da daddare ya nutsa hannu a tiren mandi zai ga sikeli ya haura da safe, gishiri ne da shinkafa suka riƙe ruwa ba wai kitse ya yi a dare ɗaya ba. Haka mai aikin waje a zafin watan Yuli zai dawo gida ya ga ya sauka, zufa ce, yana shan ruwa za ta dawo. Mata kuma kwanakin da al'ada ta kusa jiki na ɗan yin nauyi. Abin yi shi ne ka auna safiya uku a jere, ka haɗa ka raba uku, wannan shi ne nauyinka.

Lissafin da likitoci ke kira BMI

Ɗauki waya. Rubuta nauyinka na kilo, raba da tsayinka na mita, sannan ka sake raba abin da ya fito da tsayin dai. Sau biyu kenan. Shikenan.

Mu ɗauki wani direba, irin masu wuni a sitiyari tsakanin Jidda da Makka, tsayinsa 1.72, nauyinsa 88. 88 a raba da 1.72 ya ba da 51.2, a sake rabawa da 1.72 ya ba da 29.7. Ko wata baiwar Allah mai tsayi 1.58 da kilo 70, nata zai fito 28. Abin da ke rikita mutane shi ne su saka 172 maimakon 1.72, sai wata lamba mai tarin sifili ta fito su ce lissafin bai yi ba, to ɗigon nan ne aka manta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba sakamakon haka ga manya: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama ƙiba ce wadda likita ke ɗauka a matsayin matsala, ita ma tana da hawa hawa, 35 da kuma 40. Direbanmu kenan yana bakin ƙofar 30, saura ƙiris.

Yana da kyau ka san daga ina abin ya fito don kar ka ɗauke shi kamar saukakke. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da dabarar a shekarun 1830, kuma ba likita ba ne, yana nazarin matsakaicin jikin jama'a ne, Turawan yankinsu. Sunan BMI kuma sai a 1972 wani Ba'amurke mai suna Ancel Keys ya raɗa shi. Abin yana da amfani wajen tace mutane da sauri, amma bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san a ina kitsen ya taru ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kai.

Juya lissafin ka samu tazararka

Wannan ne ainihin amsar tambayar. Ka ninka tsayinka da kansa, abin da ya fito ka ninka shi da 18.5, wannan shi ne ƙasan tazararka. Ka sake ninka shi da 24.9, wannan shi ne samanta. Direban nan 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, tazararsa kenan daga wajen kilo 55 zuwa 74. Ga na wasu tsayin don masu ƙyuyar danna waya:

150: kilo 42 zuwa 56
155: kilo 44 zuwa 60
160: kilo 47 zuwa 64
165: kilo 50 zuwa 68
170: kilo 53 zuwa 72
175: kilo 57 zuwa 76
180: kilo 60 zuwa 81
185: kilo 63 zuwa 85

Mace da namiji duk ɗaya ne a wannan jadawalin in dai an kai shekara 18. Na san wasu za su kalla su ce haba, mai tsayi 170 ya yi kilo 55 ai sai a ce ciwo yake, a gida ma a fara yi masa sannu. Gaskiya ne ba kowa ƙasan tazarar ya dace da shi ba. Mai faɗin ƙirji da kaurin ƙashi wajen sama zai zauna, siriri ɗan Fulani wanda duk danginsa haka suke wajen ƙasa zai zauna kuma lafiyarsa ƙalau. Wata hanya mai sauƙi ta gane inda jikinka ya fi so ita ce ka tuna kilonka lokacin kana shekara ashirin zuwa ashirin da biyar, in lokacin lafiyarka lau kake kuma lambar tana cikin tazarar, to yawancin abin da ya hau bayan nan ba ƙashi ba ne ba kuma tsoka ba.

Akwai kuma maganar da ba kowa ke so ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta ce mutanen da asalinsu baƙaƙen Afirka ne, da na Gabas ta Tsakiya, da na Asiya, haɗarin ciwon suga yana kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba, saboda haka a gare su a fara lura tun daga 23, ƙiba kuma daga 27.5. Mu kenan, da maƙwabtanmu Larabawa da 'yan Pakistan da Bangaladash duka. In ka bi wannan, saman tazarar mai tsayi 160 ya dawo wajen kilo 59, na 170 wajen 66, na 180 wajen 74. Ba ina nufin mai 24 ya tada hankalinsa ba, amma in a gidanku akwai suga ko hawan jini, uwa ko uba ko yayye, to wannan ma'aunin na biyu shi ya kamata ka kalla.

Za ka ji wasu na cewa ai kawai ka cire ɗari daga tsayinka, mai 170 ya yi 70. Tsohuwar dabara ce ta wani likitan Faransa, Paul Broca, tun ƙarni na 19. Ba laifi don kintace a tsaye, sai dai ga dogaye tana kai su can ƙarshen tazara, mai 190 ta ba shi kilo 90. Akwai kuma wadda wasu manhajojin waya ke amfani da ita su ba ka lamba ɗaya su ce ita ce nauyinka na ƙwarai, yawanci lissafin Devine ne na 1974, wanda asali don auna yawan maganin da za a ba majinyaci aka yi shi. Kar ka takura kanka a kai.

Zare

Yanzu mun zo inda na fi so a maida hankali. Ka yanki zare daidai tsayinka, ka taka bakinsa da diddige wani ya ja shi zuwa tsakiyar kanka, ko ka auna shi a jikin layin fensir ɗin nan na bango. Ka ninka shi biyu. Sai ka zagaya cikinka da shi a ninke. In bakin ya haɗu ba tare da ka shanye ciki ba, alhamdulillahi. In bai haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, kitsen ciki ya yi yawa ko da sikeli ya ce lafiya.

Inda ake zagayawa shi ne matsalar. Ba inda kake ɗaura wando ba, don mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaurawa, shi ya sa za ka ji mutum na rantsuwa shekara goma lambar wandonsa ba ta canza ba alhali maɓallin jallabiya na neman tsinkewa. Ka sa yatsa ka laluba ƙashin haƙarƙarinka na ƙarshe a gefe, ka laluba saman ƙashin ƙugu, tsakiyar su biyun nan ne wurin, yawanci ɗan sama da cibiya kaɗan. A kan fata ko riga mai shara shara, a tsaye, ƙafafu a ɗan ware, ka saki numfashi yadda ka saba sannan a karanta. Tef ɗin ya kwanta a jiki kar ya nutse cikin nama, kuma ka duba madubi ka tabbata bai karkace ta baya ba. Mata, wannan aikin ku da 'yar uwa ko ɗiya ne a ɗaki, kuma ku san tela in tana awon ɗinki wurin da ya fi siranta take kamawa, ba lallai ya zo ɗaya da wannan ba.

In kana son lamba, raba awon cikin da tsayinka, duka a santimita. Daga 0.4 zuwa 0.49 lafiya, daga 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama haɗarin babba ne. Direbanmu a ce cikinsa 101, a raba da 172, ya fito 0.59. Akwai kuma tsohon ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, namiji ya fara lura daga santimita 94, in ya kai 102 abin ya yi nisa, mace daga 80, in ta kai 88 haka. Ni dai na fi son na rabin tsayi saboda gajere da dogo ba za a ɗora musu lamba ɗaya ba.

Dalilin da ya sa ciki ya fi muhimmanci, kitsen da ke cinya da ɗuwawu a ƙarƙashin fata yake zaune, bai cika yin ɓarna ba. Na tumbi kuwa a can ciki yake, ya lulluɓe hanji da hanta, yana zuba maiƙo cikin jinin da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta, yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauko da suga a jini, yadda ya kamata, daga nan suga ya fara hawa, kitsen jini ya hau, jini ya hau. Shi ya sa za ka ga mutum hannu siriri ƙafa siririya sai tumbi a gaba kamar an kifa ƙwarya, BMI ɗinsa 23 ko 24, yana ganin shi ba mai ƙiba ba ne, kuma shi ne za a gwada a ce suga. Irin wannan jikin yana da yawa a cikinmu, musamman masu gadi da direbobi da masu zaman shago.

Haɗa biyun ka ga inda kake

In BMI daidai, zare ya haɗu, ka ci gaba da abin da kake yi, ka riƙa dubawa lokaci lokaci. In BMI daidai amma zare bai haɗu ba, kai ba kilo da yawa kake buƙatar zubarwa ba, tumbin ne, kuma ka je a gwada maka suga. In BMI ya ɗan haura 25 amma zare ya haɗu da sauran rara, wataƙila tsoka ce, kamar samarin da ke dakon kaya ko aikin gini ko masu tura keken tsofaffi a Harami, su wannan lissafin yana zaluntarsu. In duka biyun sun haura to ba sai an yi musu ba.

Akwai waɗanda lissafin nan bai shafe su ba sam. Yara da matasa 'yan ƙasa da 18 nasu da jadawalin shekaru ake dubawa, yana cikin katin rigakafi ko wajen likitan yara, kar ki ɗauki lambar manya ki ɗora wa ɗiyarki 'yar shekara sha uku ki hana ta abinci. Mai juna biyu ma ba ta wannan lissafin, nauyinta na kafin ciki ake dubawa, wadda take daidai ana sa ran ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 har ta haihu, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9, kuma ba a rage kilo da ciki. Mai jego ta bari sai jiki ya dawo. Wanda ƙafafunsa ke kumbura saboda zuciya ko ƙoda ko hanta, ruwa ne sikeli ke aunawa. Su Baba da Hajiya da suka haura sittin da biyar kuwa, tsayinsu ya ragu, tsoka ta zube, a wajensu rama ta fi ɗan ƙarin kilo haɗari, in tsoho yana 26 ko 27 yana cin abincinsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa a ƙyale shi, sai in likitansa ne ya ce.

To in ya nuna sai an rage, nawa?

Kar direban nan ya ce daga 88 sai 74 ko ba komai, zai gaji a wata na biyu ya watsar. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka ya isa ya sauko da suga da hawan jini ya sassauta wa gwiwa. A wajensa kilo huɗu da rabi zuwa tara kenan. Burin farko 83, in ya kai ya zauna a kai na ɗan lokaci, sannan 79. Saurin da ake so rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, wanda ya wuce haka yawanci ruwa ne da tsoka ke tafiya kuma zai dawo da riba.

A ƙasar nan abin sha ne ya fi cin mutane. Gwangwani ɗaya na lemo mai gas, mil 330, yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokalin shayi tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kar ya wuce wajen giram 50 a wuni, in da hali ma 25. Ka sha ɗaya da burasti da rana, ɗaya da bukhari da daddare, ga shayi kofi huɗu kowanne cokali uku, ka lissafa da kanka. Tun 2017 gwamnati ta ɗora haraji kan lemon gas da na ƙarin kuzari amma mutane ba su fasa ba. Wanda ya maida lemon nan ruwa ko laban, wato nono, ya rage sukarin shayi rabi, sau da yawa shi kaɗai ya isa ya ga zare ya fara matsowa. Sai shinkafa. Kabsa ba haram ba ce, matsalar tire ne, in an zauna mutum biyar a tire ɗaya ba wanda ya san nawa ya ci, hannu na zuwa yana dawowa har sai an ga ƙasan faranti. Ka ɗebi naka a filet, rabi ganye da salak, kwata shinkafa ko tuwo, kwata nama ko kifi ko ful. Tamis ɗin safe ka raba da wani maimakon ka tashi da guda. Ma'asub da kirim da zuma ka bar shi na ranar Juma'a. Kuma tun 2019 gidajen abinci suna rubuta kalori a gaban kowane abinci, ka riƙa ɗaga kai kana karantawa kafin ka yi oda, wani sanwic ɗin da kake raina shi ya kai kalorin cikakken faranti na abinci.

Motsa jiki kuma minti 150 a sati ake so aƙalla, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma da ɗan haki. Na san zafi, ba mai cewa ka fita ƙarfe biyun rana a watan Agusta. Bayan Asuba ko bayan Isha'i. Na Jidda ga bakin teku ga mamsha, wato hanyoyin tattaki, a unguwanni, na Madina ga hanyar ƙafa daga Harami zuwa Ƙuba wajen kilomita uku, ga lada ga lafiya, na Makka kuwa sa'ayi kaɗai ya kai wajen kilomita uku ban da ɗawafi. 'Yan uwa mata masu aikin gida da ba sa samun fita, hawa da saukar bene da zagaya tsakar gida ma lissafi ne. Azumi dama ce babba amma mu kan ɓata ta da sambusa da lugaimat da jug ɗin Vimto da sobiya, a sha ruwa da dabino uku, a yi Magariba, sannan a ci abinci na hankali.

Masu rama fa

In lissafinka ya fito ƙasa da 18.5 kuma haka kake tun tasowa, kana da ƙarfinka, mace kuma al'adarta na zuwa daidai, ba abin tashin hankali ba ne, ka ƙara yawan lokutan ci, gyaɗa, madara, ƙwai, fura da nono, dabino, kunun gyaɗa. Amma don Allah 'yan uwa mata a bar ƙwayoyin nan na sha ka fashe da ake haɗawa ana aikowa ko ana sayarwa a ɓoye kafin biki. Da yawansu wani magani mai ƙarfi da ake kira dexamethasone ne a ciki, yana kumbura fuska da wuya da ciki, ƙafa da hannu su sirance, ya tada suga da hawan jini, ya cinye ƙashi, fata ta yi ta tsagewa. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, likita ne zai sauke ta a hankali, ki gaya masa gaskiyar abin da kike sha, ki tafi masa da kwalin ko ƙwayar. Haka alluran rage ƙiba da ake yayi yanzu irin su Ozempic da Mounjaro, magani ne na gaske amma da takardar likita da bibiya, ba wanda ƙawa za ta raba miki nata ba.

Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, a ce kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa ya tafi cikin wata shida zuwa shekara, mai kilo 70 ya zubar da uku da rabi ko fiye bai canza komai ba, kar ya yi murna. Musamman in akwai yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tari da zufar dare, ko bugun zuciya da rawar hannu. Suga da tarin fuka da ciwon maƙoƙo duk haka suke farawa, a je asibiti.

Daga ƙarshe ka samu ɗan littafi ko ka buɗe wuri a waya. Ka rubuta tsayinka sau ɗaya, tazararka, da rabin tsayinka. Nauyi sau ɗaya a sati, rana ɗaya lokaci ɗaya sikeli ɗaya, ciki sau ɗaya a wata. In zare bai haɗu ba ko BMI ya kai 27.5, ka tafi da lambobin nan markaz, wato cibiyar lafiya ta unguwa, ko mustausaf ka ce a auna maka jini a yi maka gwajin suga na wata uku, wanda ake kira HbA1c, a nan tarakumi suke ce masa. Ƙasa da 5.7 lafiya, 5.7 zuwa 6.4 suga na bakin ƙofa kuma a wannan matakin rage kilo biyar ɗin nan kan iya maida shi baya, 6.5 zuwa sama ciwon ne, sai a sake gwaji a tabbatar. Wannan gwajin ba ya buƙatar ka je da yunwa, amma in za a haɗa da na kitsen jini ka tambaya tun kafin ranar ko sai ka kwana ba ka ci ba.